Na yi karatun jinya a Sakkwato, yaya zan samu izinin aiki a Tawa?

Tambaya: Inna, barka da wuni. Ni ƴar wani ƙauye ce kusa da Ƙonni, amma tun ina ƙarama aka kai ni riƙo wurin gwaggona a Sakkwato. Can na yi sakandare, na yi shekara uku a makarantar koyon jinya, na gama bara. Yanzu an yi mini aure, maigidana a Tawa yake aiki. Na kai takarduna wani kilinik, suka ce sai na kawo ekibalans, wato takardar da ke daidaita difilomata da ta Nijar. Wasu sun ce sai na sake karatun daga farko, wani kuma ya ce in ba shi kuɗi zai gama mini komai cikin sati biyu. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa:

Ɗiyata, barka da zuwa Adar, Allah ya sanya albarka a auren. Duka biyun da suka ba ki shawara sun kauce hanya. Wadda ta yi shekara uku a makarantar da hukumar can ta amince da ita, ta kuma ci jarrabawar ƙasa, ba aji ɗaya ne wurinta ba. Abin da ya kamata ki ji tsoro shi ne a ajiye ki a matakin da bai kai wanda kike zato ba, ko dosiyenki ya kwanta wata da watanni saboda harafi ɗaya a sunanki. Shi kuma mai sati biyu, ki riƙe kuɗinki ki ƙara tukwane. Takardar da za ta bi ta Sakkwato, ta je Abuja, ta dawo Yamai, a sa mata hannu a kowane zango, ba ta sati biyu ba ce. Wanda ya yi miki wannan alkawari a kwamfutarsa zai haifo miki abin da zai kawo, kuma ranar da asiri ya tonu sunanki ne a kai, ba nasa ba.

Na daɗe ina majo, wato shugabar ma'aikatan jinya ta sashe, na riƙe sashen yara na riƙe na manya, ƴan sitaj masu koyon aiki da sababbin ma'aikata da yawa sun ratsa ta hannuna, cikinsu har da irinki da suka yi karatu a ƙetaren iyaka. Abin da na lura da shi shi ne kusan dukansu Yamai suke fara dosa, alhali rabin aikin a bayansu suka baro shi. Mutumin da ke zaune a ofis a Yamai bai taɓa ganin kina neman jijiya a hannun jariri ba, kuma ba zai gani ba. Takarda kawai yake gani. Yana son takardar ta gaya masa wace ce ke, da wane matakin ilimi kika shiga makarantar, sannan wa ya tsaya miki ban da makarantar kanta. Amsoshin nan a Sakkwato da Abuja suke.

To, buɗe jakarki ki duba abin da ke hannunki. Takardar da makaranta ta ba ki cewa kin gama daban, rajistar majalisar nas da ungozoma ta Najeriya, NMCN, daban. Ita wannan majalisar, wadda hedkwatarta ke Abuja, ita ke ba ɗalibi lamba tun yana shekarar farko, ita ke shirya jarrabawar ƙarshe ta jinya a watan Mayu da Nuwamba, ita ke ba da shaidar rajista da lasisin aiki. Mu ma nan haka tsarin yake: ɗaliban makarantar lafiya ta gwamnati, ENSP Damouré Zika ta Yamai, da ta Damagaram, da na makarantu masu zaman kansu, jarrabawa ɗaya ta ƙasa suke zaunawa, ba a barin kowace makaranta ta yanke wa ɗalibanta hukunci ita kaɗai. Saboda haka in kika zo da takardar makaranta ba tare da ta majalisa ba, kamar kin zo kotu ne da shaida ɗaya, shi ma ɗan gidanku. In kin ci jarrabawar majalisa amma ba ki karɓi shaidar rajista da lasisin ba, wannan ne aikinki na farko, kafin komai.

Bari in ɗan ratse, don na san ba ke kaɗai za ki karanta wannan ba. Yara da yawa daga Ƙonni, Madawa da Malbaza suna tsallakawa su yi makarantun fasahar lafiya, su fito da CHEW ko JCHEW, wato takardar ma'aikacin lafiyar al'umma, su dawo gida ana ce musu nas. Karatu ne mai amfani, na ga waɗanda suka ƙware ƙwarai, amma ko a Najeriya ba majalisar nas ke yi musu rajista ba, hukumarsu daban ce. Wanda ke riƙe da wannan takarda kada ya rubuta a buƙatarsa cewa yana neman a daidaita shi da anfirmiye, wato nas, mai difiloma ta ƙasa. Ya nemi a duba abin da ya karanta a sa shi inda ya dace, ya fi masa sauri da mutunci.

Yanzu ga inda na fi jin tsoro a kanki: suna. Kin ce riƙo aka kai ki. Na tabbata in kika shimfiɗa takardunki a kan tabarma, na Nijar a dama, na Najeriya a hagu, za ki ga kamar mata biyu ne. A takardar haihuwarki ta nan wataƙila an rubuta Aïchatou Ousmane, a ta sakandare Aisha Usman, ko ma an sa miki sunan mijin gwaggonki a matsayin uba, don shi ya kai ki makaranta. Mu a gida mun san Mahamadou shi ne Muhammad, Abdoulaye shi ne Abdullahi, amma ma'aikacin ofis ba a ba shi ikon ya yi zato ba. Bambancin rubutu irin na Faransanci da Ingilishi shi ne mai sauƙi: ana zuwa kotu a karɓi takardar shaida cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne, a can kuma a yi rantsuwa a babbar kotu, in canjin suna ne sosai a buga a jarida. Mai wuya shi ne ranar haihuwa da wurin haihuwa. Yarinyar da alƙali ya yi wa takardar haihuwa a nan aka rubuta an haife ta wajen shekara kaza, aka lanƙaya mata 1 ga Janairu, ta je can aka yi mata takardar bayyana shekaru aka rage biyu don ta yi daidai da ajinta, aka kuma karɓo mata takardar ƴar asalin ƙaramar hukuma don ta samu gurbi da sauƙin kuɗin makaranta. Kowa ya yi ne da kyakkyawar niyya. Amma yau difilomarta tana cewa wata ce daban.

Akwai wata da ta yi aiki a ƙarƙashina, hannunta kamar an yi shi don aikin, ta fi shekara tana sitaj ba albashi saboda wannan. Takardarta ɗaya ta ce Illela aka haife ta, ɗaya ta ce Illéla, kowa ya ɗauka kuskuren alƙalami ne, ashe ɗaya Illelar Najeriya ce da ke bakin iyaka, ɗaya kuma tamu ta nan jihar Tawa. Sai da mahaifinta, tsoho, ya yi ta sintiri da shaidu kafin aka warware. Don haka kada ki ɓoye komai, kada kuma ki bar wani ya goge miki lamba da reza ko ya gyara a kwamfuta. Ki je wurin magatakardan kotu da duka takardun, ki faɗi yadda abin ya faru tun daga riƙon. Labarin riƙo ba baƙo ba ne a wurinsu, kullum suna jin irinsa. In kuwa ɗaya daga iyayenki ɗan Najeriya ne, ki sani tun 2014 dokar Nijar ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu, ba abin da za ki yi ta rufa-rufa a kai. Abin da ake buƙata shi ne nasiyonalite ɗinki, wato takardar zama ƴar ƙasar Nijar, da sunan da ke kanta, da difiloma, su zama zare ɗaya da za a iya bi daga farko zuwa ƙarshe.

Sai maganar mataki. A tsarinmu ba shekarun makarantar jinya kaɗai ake ƙirgawa ba, ana duba da me aka shiga. Wanda ya shiga da birbe, takardar ƙaramar sakandare, ya yi shekarunsa, da wanda ya shiga da bak, ta babbar sakandare, ya yi uku ya fito da digirin lisans, ko da gado ɗaya suke shimfiɗawa, ajinsu a aikin gwamnati ba ɗaya ba ne, albashinsu ma haka, har ranar ritaya. Ke ba ki da bak, WAEC ko NECO gare ki. Ke nan ekibalans biyu za ki nema, ba ɗaya ba: na sakandare tukuna, sannan na jinya ya hau kansa. Mutane da yawa suna mantawa da na farkon, su kai na biyun shi kaɗai, a dawo musu da shi. Ki tafi da asalin shaidar WAEC ko NECO, ba ɗan sakamakon da aka buga daga intanet ba.

Ga kuma takardar da na fi so ki matsa a kanta: ta darussa da maki, wadda kuke ce wa tiranskirif, mu muke ce wa relebe. Kada ki yarda da wadda ta jera sunayen darussa da maki kawai. Ki roƙi makaranta ta nuna awowi: awa nawa a aji, sati nawa a sashen tiyata, nawa a sashen yara, nawa a ɗakin haihuwa, nawa a ƙauye. Masu daidaita difiloma da awowi suke auna karatu, don shi ne mudun da ke aiki a ƙasashen biyu. In sun ga shekara uku cur da awowinta, ba su da abin cewa. In sun ga sunaye babu awowi, sai su yi hukunci da taka-tsantsan, kuma taka-tsantsan ɗin ofis kullum ƙasa yake ja, ba sama ba. Littafinki na aikin hannu, wanda malamai suka riƙa sa wa hannu duk lokacin da kika yi wani aiki a gabansu, shi ma kada ki bar shi a ɗakin gwaggo ɓeraye su yi karatu da shi. Wadda ta yi digirin jinya na shekara biyar a jami'a ita tata ta fi sauƙin karantawa. Ke mai shekara uku ta makarantar jinya, awowin nan su ne lauyanki.

Hatimai kuma jere gare su. Makaranta ta tabbatar, ma'aikatar ilimi ta tarayya a Abuja ta tabbatar, ma'aikatar harkokin waje ta buga nata, sannan ofishin jakadancin Nijar ya shaida hatimin na ƙarshe. Muna da ofishin jakadanci a Abuja, muna da ƙaramin ofishi a Kano. Kowane yana shaidar sa hannun wanda ya gabace shi ne, shi ya sa ba a tsallake. Abu biyu ƙanana da ke ɓata wa mutane tafiya: na ɗaya, kada ki manne asalin takarda cikin leda da injin zafi. Na san can ana son haka, wai don kada ta lalace, amma hatimi ba ya zama a kan leda, kuma wajen ɓare ta rubutun ke tafiya. Na biyu, fassara zuwa Faransanci a ƙarshe ake yin ta, bayan an gama buga hatimai, don su ma a fassara su, kuma wurin tafinta mai rantsuwa da hukuma ta sani. Ɗan maƙwabta da ya iya harsunan biyu zai iya taimaka miki ki fahimci abin da aka rubuta, amma sa hannunsa ba ya wucewa.

Mai yiwuwa a nemi majalisar can ta tabbatar da ke kai tsaye, ofis zuwa ofis, ba ta hannunki ba. Wannan ki fara shi da wuri. A Fabrairun 2024 majalisar ta fito da sababbin sharuɗɗan tabbatarwa, ciki har da cewa sai nas ta yi aikin shekara biyu bayan samun lasisi, saboda yawan masu ficewa zuwa Ingila da Amurka da ƙasashen Larabawa. Nas-nas sun yi zanga-zanga a Abuja da Legas, aka yi ta ja-in-ja, shafin neman tabbatarwar ya yi watanni a rufe. Ba don ke aka kafa shingen ba, amma ƙofa ɗaya ce ku duka. Haka iyaka: kin ga yadda aka rufe ta bayan Yulin 2023, sai Maris 2024 aka buɗe. Waɗanda takardunsu ke wancan gefen a lokacin sun ji jiki. Ba a fafe gora ranar tafiya, ki kwaso komai yanzu da hanya ke buɗe, tun kafin ciki da goyo su zo su ɗaure miki ƙafa.

A Yamai, ofishin da ke kula da bak da jarrabawoyin manyan makarantu, OBEECS, shi ne sunansa ke ɗauke da aikin daidaita difiloma, ma'aikatar lafiya kuma ita ce uwar sana'ar. Kafin ki hau bas ki yi tafiyar kilomita sama da 500, ki fara shiga hukumar lafiya ta jiha nan Tawa, ki nemi mai kula da ma'aikata, ki nuna masa takardunki. Zai gaya miki ƙofar da za ki fara ƙwanƙwasawa da irin takardarki. Dosiye irin namu kin san shi: buƙata da rubutun hannu da tambur a kai, takardar haihuwa, nasiyonalite, kwafin difiloma da aka buga wa hatimi, fassara, hotuna. Kaziye na kotu, takardar da ke nuna ko an taɓa hukunta mutum, wata uku yake rayuwa, saboda haka shi ne na ƙarshe da za ki karɓa, ba na farko ba. Asali ki nuna shi ki koma da abinki, kwafi ake bari. Kuma kada ki fito daga ofis ba resepise, shaidar an karɓi dosiyenki, mai lamba da kwanan wata a hannunki.

Za ki ga wadda ta yi karatu a Wagadugu ko Dakar ta riga ki fita, kada ki ce an yi son kai. Ƙasashen nan da mu muna cikin CAMES, majalisar manyan makarantu da aka kafa a nan Yamai a 1968, wadda ke da tsarin amincewa da difilomomin juna. Najeriya ba ta ciki. A da muna da inuwar CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda hukumarta ta lafiya ta yi aikin kusanto da manhajar koyar da jinya a ƙasashen yankin, shi ya sa abin da kika karanta bai yi nisa da namu ba. Amma Nijar da Mali da Burkina sun fita daga ƙungiyar a Janairun 2025, don haka kada ki shiga ofis kina cewa ai yarjejeniya ta ba ki haƙƙi. Ƙarfin dosiyenki shi ne hujjarki. Kuma masu dubawa sun ƙara buɗe ido ko'ina tun bayan da wani ɗan jarida ya sayo digiri a Kwatano cikin sati shida, har Najeriya ta dakatar da karɓar takardun Benin da Togo a farkon 2024. In an bincike ki sosai, ba raini ba ne.

Ekibalans ba aiki ba ne, ba kuma izinin buɗe ɗakin magani ba ne. Yana cewa ne kawai takardarki daidai take da kaza. Bayansa akwai rajista a ordre, wato majalisar ma'aikatan jinya ta nan, akwai sarbis sibik, wato bautar ƙasa, na shekara biyu ga masu difilomar sama da bak, akwai jiran konkur, jarrabawar shiga aikin gwamnati, ko kwantaragi, ko kilinik. Kafin nan, ina roƙonki, kada ki fara allura da ƙarin ruwa a ɗakinki. Da zarar unguwa ta ji amaryar wane likita ce, za su fara sallama da dare, wannan da ardonas, takardar maganin da likita ya rubuta masa, wancan da kwalbar da ya sayo a tebur. Kunya za ta hana ki cewa a'a. Ranar da wani ya faɗi bayan allura, babu adrenalin a kusa, babu takardar da ta ce kina da izini, waɗanda suka yi ta roƙonki su ne za su fara nuna gidan. Ki ce musu hukuma ba ta sake ki ba tukuna, ki raka su likita in abin ya yi tsanani.

Abin da ya dace ki yi da lokacin jira shi ne ki rubuta buƙatar sitaj, a babban asibitin jiha ko cibiyar uwa da yaro ko wani CSI, wato ƙaramin asibiti, na cikin gari. Nan ne za ki koyi abin da babu hatimin da zai ba ki. Gaskiya ne kundin tafiyar da mulkin Nijar da aka zartar a Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci harsunan aiki, kuma da marar lafiya Hausa za ki yi, sai in an tura ki Abalak ko Cintabaradan ki nemi ɗan Buzanci da Fulatanci. Amma dosiyen marar lafiya, da karne, da ardonas, da rahoton wata, duk da Faransanci ake rubuta su. Kalmomin ba su ne ke ba ni tsoro ba, wata uku sun ishe ki ki gane takwarorin gajerun sunayen da kika sani da Ingilishi: ANC shi ne CPN, ORS shi ne SRO, RDT shi ne TDR, FBC shi ne NFS, IMCI shi ne PCIME. Lambobi ne ke kisa.

Mu tansiyo, wato awon hawan jini, da santimita muke faɗinta. In na ce miki 12/8, 120/80 ɗinku nake nufi. Wani yaro da ya zo mana daga ƙetare, darensa na farko ya ga 11/7 a takardar wani tsoho, ya ruga da gudu ya taso ni wai mutum na mutuwa, muka tarar da tsohon zaune yana shan fura. Wannan dariya muka yi. Na sukari ba na dariya ba ne. Ku kun saba da milimol a lita, mu giram a lita, kuma giram 1 daidai yake da milimol 5 da rabi. Sakamako ya fito daga labo an rubuta 3,1, wata sabuwar ma'aikaciya ta karanta da idon makarantarta, ta ga sukari ya faɗi, ta ɗauko sirum mai sukari za ta ɗaura. Allah ya sa ina tsaye na riƙe hannunta. Giram 3,1 ya haura milimol 17, mutumin ciwon sukari gare shi, hawa ya yi ba faɗuwa ba. Ba jahilci ba ne, ta san aikinta sarai, mudu ne ya canza ba a gaya mata ba. Duk lambar da kika gani, ki nemi abin da aka rubuta a bayanta kafin hannunki ya motsa.

Haka waƙafi. Inda kuke sa ɗigo, 0.5, mu waƙafi muke sawa, 0,5, wani lokaci kuma ɗigon namu dubu yake rabawa, 1.000. Lambar ɗaya ta rubutun hannun ƴan lakwal tana da dogon hanci, ga idonki kamar bakwai take, bakwai ɗinmu kuwa da ɗamara a tsakiya. Maganin yaro da aka rubuta mililita 1 aka ba shi 7, kin san abin da ke biyo baya. Su bd da tds da kika haddace babu mai gane su nan, ana rubuta sau biyu ko sau uku a rana ne ɓaro-ɓaro. In kin yi shakka ki tambaya, ko da likitan zai harare ki. Harara ba ta kwantar da kowa a makabarta.

Jikin aikin kuwa ɗaya ne, wannan zai kwantar miki da hankali. Artesunat na allura ga masassara mai tsanani miligiram 2,4 ne a kilo, 3 ga yaron da bai kai kilo 20 ba, a awa ta farko, ta 12, ta 24, a Sakkwato haka, a Tawa haka. Awon damtsen yaro da ya gaza milimita 115 tamowa ce mai tsanani a ko'ina, sai dai nan za ki ji ana cewa CRENAS ga wanda ake bi yana gida, CRENI ga wanda aka kwantar. Maganin rigakafin masassara na damina da ake raba wa yara daga wata 3 zuwa 59 kin san shi, mu CPS muke ce masa. Bambancin da za ki ji a jikinki shi ne nauyi. A babban asibitin koyarwa inda kika yi aikin hannu, likita na rubutawa ke kina aiwatarwa. A CSI na ƙauye wajen Buza ko Keita, anfirmiye shi ne mai duba marar lafiya, shi ke rubuta magani bisa littafin jagora, shi ke yanke shawarar a tura mace mai naƙuda gaba ko a jira, shi ke lissafin kantin magani da kwamitin gari, shi ke cike takardun kyauta na yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki da aka fara tun 2006, shi ke rahoton ƙarshen wata. A ganina wannan ya fi Faransanci wuyar koyo, kuma a gefen tsohon shef CSI kaɗai ake koyonsa. In kin samu wanda zai yarda ki zauna kusa da teburinsa wata biyu, ki riƙe shi hannu bibbiyu.

Ingilishinki kuma kada ki bar shi ya yi tsatsa, jari ne. Asibitin mishan na Galmi yana nan cikin jiharmu, ma'aikatansa na waje da yawa da Ingilishi suke aiki. Ƙungiyoyin agaji da ke aikin tamowa a yankin Madawa, da masu kula da ƴan gudun hijirar da suka tsallako daga jihar Sakkwato zuwa Bangi, suna son wanda zai karanta takarda a harsunan biyu. Su ma fa ekibalans za su fara tambaya. Don Faransancin rubutu, ki samu wata ɗaliba daga jami'ar Djibo Hamani ta riƙa zuwa gida da marece, ki ba ta tsofaffin fom na rahoto ku riƙa cikewa tare. Ya fi miki littafin nahawu amfani.

Lasisinki na can shekara uku yake yi, ana sabunta shi bayan an halarci kwas ɗin ƙarin ilimi da majalisa ta wajabta. Kada ki bar shi ya mutu don kin samu na nan. Daga Tawa zuwa Ƙonni, a tsallaka Illela a shiga Sakkwato, tafiyar yini ce, ga gidan gwaggo wurin sauka. Farfaɗo da wanda ya mutu ya fi sabunta mai rai tsada da wahala, kuma ba ki san inda aikin maigidanki zai kai ku ba nan da shekara goma.

A wannan satin, ki zauna da shi maigidan ki gaya masa yawan tafiyar tun yanzu: Sakkwato aƙalla sau ɗaya, Abuja sau ɗaya, Yamai wataƙila sau biyu, don kada kowace ta zama sabuwar magana a gida. Sannan ki shimfiɗa takardun nan a tabarma kamar yadda na ce, ki ɗauki biro da farar takarda, ki rubuta yadda sunanki, sunan mahaifinki, ranar haihuwa da wurin haihuwa suka fito a kowace ɗaya. Inda kika ga sun saɓa ki ja layi a ƙarƙashi. Da wannan takardar za ki shiga kotu ranar Litinin, kafin ki sayi tikitin ko'ina.